Jakar Baba Haladu tana cikin but ɗin motata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Haladu bakanike ya rasu.

Ina ɗaura takalmi zan fita makaranta Kawu Isiyaku ya kira ni daga ƙauye. Ko gaisawa bai tsaya mun yi ba. Ya ce jiya bayan la'asar ya tsince shi a hanyar gona kusa da motarsa, suka kai shi asibiti a Ɗambatta, da asuba rai ya yi halinsa. Jana'iza ƙarfe biyu.

Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Jakarsa ta kayan gyara tana cikin but ɗin motata, yau kwana goma sha ɗaya da ya kamata na mayar masa. Ita ce ta hana ni kama hanya har yanzu.

Waɗanda suka san ni sun san motar da nake ja, tsohuwar motar mahaifina wadda ta girme ni, wadda ɗalibaina ke kira Kaka. A duk yankinmu irinta biyu suka rage, tawa da akori-kurar Baba Haladu da yake ɗaukar taki da hatsi. Injinsu ɗaya ne, abin da ya shiga tasa ya shiga tawa. Kayansu kuwa sun yi wuya, sai ka wuni a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka dawo da ƙishirwa kawai.

Da mahaifina ya rasu kowa cewa ya yi na sayar wa 'yan gwangwan na huta. Baba Haladu ya zo ranar sadakar bakwai, ya karɓi mukulli, ya tayar da ita, ya tsaya yana saurare kamar mai jin karatun ɗalibi. Ya ce, “Ticha, mai ita ne ya tafi. Ita tana nan da ranta.”

Tun daga ranar shi ke riƙe min ita. In ta yi min gardama a Rijiyar Zaki sai na kira shi, ya ce na kara wayar kusa da inji. Daga can ƙauye zai ce, “Fulogi na uku ne, cire ka goge.” Kuma shi ɗin ne.

Bai taɓa ce min ban iya komai ba. Sai dai ya ce hannuna na alli ne, Allah ya ba kowa nasa.

Ganina da shi na ƙarshe, za mu tafi Damagaram ɗaurin aure, ni da maiɗakina Hadiza da yara. Na biya ta garejinsa, wato gindin darbejiyar ƙofar gidansa, don ya duba min ita. Ya gama da inji, sai ya ce na buɗe but.

Abin da ke ciki: jak, da safaya taya da babu iska, da lema.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Da wannan za ka tsallaka boda da 'ya'yan mutane? Lemar ta shan inuwa ce in ta tsaya, ko?”

Ya je ya zaro jakarsa daga ƙarƙashin kujerar akori-kura. Jaka ce ta tampol, shi ya ɗinka abarsa da hannu. Ya zazzage ta a kan tabarma, yana ɗaga abu ɗaya ɗaya yana sa ni maimaita sunansa kamar ɗan aji ɗaya. Sifanu daga lamba takwas zuwa sha tara, an zarge su da waya. Filaya, sukudireba babba da ƙarama. Fulogi huɗu a naɗe cikin jarida, fiyus a kwalin ashana. Tiyon lagireto, man birki, robar tsohuwar taya da ya yayyanka don ɗauri. Har da guntun sabulu. Na ce wannan fa? Ya ce in tankin mai ya huje sai na liƙa, zai kai ni gari.

Na ƙarshe ya ɗago fambel, robar da ke juya fanka tana sanyaya inji. Ya ce wata biyu yana cigiyarsa kafin ya samu, don na jikin motarsa ya fara tsattsagewa, yana jiran ya samu sarari ya canza.

Na ce to ai sai ka riƙe abinka, Baba.

Ya ce, “Ni iyakata gona da kasuwa. Kai ne mai iyali a mota. Tsohuwar mota ba ta faɗa maka ranar da za ta tsaya.”

Na ce wanda nasa ya tsinke a daji kuma ba shi da wani fa? Ya ce, “Sai ya zare tazugen wandonsa ya ɗaura. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana riƙe da wando.” Muka yi ta dariya, har Hadiza daga cikin mota.

Da na sa jakar a but sai dariyar ta ɗauke masa. Ya dafa ƙofar ya ce, “Amma ranar da ka dawo ka biyo min da ita. Ban taɓa tayar da mota babu jakar nan a ƙarƙashina ba.”

Na ce in sha Allahu. Ina hango shi ta madubi yana tsaye a rana, hannuwansa a sake. Ban saba ganinsu babu komai ba.

Mun je lafiya mun dawo lafiya, ko buɗe jakar ban yi ba. A hanyar dawowa na wuce ta mararrabar ƙauyenmu, tafiyar minti goma zuwa ƙofarsa. Hadiza ta ce, “Ba za mu biya ba?” Na ce na gaji, yara sun yi barci, sai Asabar.

Kun san halina da “sai Asabar”.

Bayan kwana huɗu ya kira. “Ticha, jakata ta samu miji a Kano ne?” Na yi dariya na ba shi haƙuri. Asabar ta zo, na tafi suna. Ya sake kira, wannan karon babu wasa. Ya ce damina ta ƙarato, ya fara kai taki gona, kuma ba ya son ƙarar da yake ji a gaban motar. Na ce wallahi wannan satin.

Jiya wajen ƙarfe ɗaya da rabi wayata ta yi ƙara ina cikin mitin. Na ga sunansa. Na san maganar jaka ce, kunya ta kama ni, na kife wayar a kan tebur. Sau biyu ya kira.

Ɗazu na tambayi Kawu Isiyaku me ya samu motar. Ya ce shi bai san kan mota ba. Ya dai tarar da bonet a buɗe, a kan burtalin da ke tsakanin gonaki, inda babu bishiya ko ɗaya, ga ranar bazara. Baba yana zaune a ƙasa ya jingina da taya, ba ya magana.

Sai Kawu ya ƙara da cewa, “Abin da ya ɗaure min kai, tazugen wandonsa ne a hannunsa, duk baƙin mai. Ban san me zai yi da shi ba.”

Ni na sani.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Na san yana da hawan jini, kuma ya haura saba'in. Duk abin da za ku faɗa min a ƙasan rubutun nan na faɗa wa kaina tun safe. Amma ɗazu na fita da takalmi ɗaya na buɗe but, fambel ɗin yana nan a naɗe yadda ya naɗe shi, kuma ina jin tsoron Allah a kan wannan.

Babu wanda ya san jakar tana wurina sai ni da shi da Hadiza. Zan iya ajiye ta a gindin darbejiya cikin taron makoki, babu mai tambaya. Shi ya sa na rubuta a nan kafin na tashi, don kar na je can halina ya sake rinjayata. Zan miƙa ta a hannun matarsa Inna Ladi, na faɗa mata tun yaushe take wurina, na faɗa mata ya kira ban ɗauka ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Haladu, ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa. Yadda bai taɓa wuce wanda mota ta tsaya wa a hanya ba, kar ka bar shi shi kaɗai. Ka ba Inna Ladi da 'ya'yansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In kun gama ku sa ni a ciki, Allah ya sa ya yafe min kafin ya cika. Yanzu zan tayar da motar da ya raya min, na kai masa jakarsa.