Kwanon da Zinariya Ta Binne

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Cadawa da safe ya san Zinariya mai waina. Doguwa ce, muryarta ta fi ta ƴan kamasho, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Mijinta Jaye kafinta ne. Tun yana saurayi yake ƙetara iyaka yana aikin rufi, mafi yawa da kwanon siminti, irin mai launin tokan nan da ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar zafi. Da zarto yake yanka shi, ƙurar ta bi hanci ta bi baki. In ya dawo gida fari fat, Zinariya ce ke kakkaɓe rigunan ta wanke. Da ya daina zuwa ci-rani, ya taho da ragowar kwanon wani tsohon sito da aka rushe, ya jingine a bayan ɗaki, wai sai ya yi mata rumfa.

Rumfar ba ta yiwu ba. Tari ya kama shi, numfashi ya riƙa yi masa gardama, har alwala sai ya huta. Gari ya ɗauka tarin fuka ne. Aka ware masa kofi, masu sayen waina suka koma wurin wata. Ya sha magani wata da watanni, ba sauƙi.

Zinariya ta sa shi a mota sai asibitin Maraɗi. Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya ce, "Malam, wace sana'a kake yi?"

Da Jaye ya faɗa, likitan ya yi musu bayani. A cikin kwanon nan akwai wani zare, asbesto, wanda ido ba ya gani. In an yanka ko an fasa, yana tashi cikin ƙura ya maƙale a huhu, sai bayan shekaru masu yawa ya nuna kansa. Ciwon ba ya warkewa, amma ba a ɗaukarsa daga mutum.

Ranar da suka dawo, Zinariya ta ɗauki kofin da aka ware, ta tsaya a ƙofar gida ta sha ruwa da shi, maƙwabta na kallo.

Jaye ya rasu da kaka. Bayan ta fita takaba, ƙanensa Rashidu ya zo da amalanke.

"Yaya, kwanon nan na zo ɗauka. Zan yanka in rufe ɗakin yara."

"Ba za ka yanka shi ba, Rashidu. Shi ya kashe ɗan'uwanka."

"Kwana ne ya ƙare, Yaya."

"Kwana ya ƙare, na yarda. Amma ni na ga yadda ya ƙare, a zaune, don ba ya iya kwanciya. Juya amalankenka."

Ya juya yana faɗa. Washegari ta kira ƴarta Farida da mata biyu, suka haƙa rami a ƙarshen gonar bayan gida. Suka ɗaure hanci da baki, suka jiƙa kwanon sharkaf don kada ƙura ta tashi, suka ɗauka a hankali ba tare da sun fasa ko guda ba, suka binne.

Rashidu ya kai ƙara wurin mai gari, wai ta salwantar da kayan gado. Mai gari ya ce ta faɗi inda ta binne a tono.

"Ranka ya daɗe, na san wurin, kuma ba zan faɗa ba."

"Zinariya, haƙƙin magada ne."

"To a biya magada daga jikina. Ga tunkiyata da ɗanta, Rashidu ya ɗauka. Amma yaransa ba za su kwana ƙarƙashin abin nan ba ina da rai."

Mai gari ya tambayi Rashidu ko ya yarda. Rashidu ya ja tunkiyar ya tafi, ya shekara ba ya gaishe ta.

Masu sayen waina sun dawo, ko da yake ba duka ba. Yanzu ita ma in ta ɗauko ruwa sai ta tsaya ta huta a hanya. Farida ta matsa mata, ta je aka ɗauki hoton ƙirjinta, likita ya ce ta riƙa zuwa ana dubawa. Tana zuwa, amma ba ta bar tasha ba. In ta hangi magini da farar ƙura a riga, sai ta ɗaga masa murya tun daga nesa: "Kai ɗana, zo nan! Me kake yankawa?" Wasu su yi dariya su wuce, wasu su zauna. Wanda ya zauna, sai ta zuba masa waina ta fara ba shi labarin Jaye tun daga farko.