Kunthar Gyal, Wanda Rubutun Hannunsa Ya Kai Shi Kurkuku

Haihuwarsa da nasabarsa

An haifi Kunthar Gyal a shekarar Doki bisa lissafin mutanen Tibet, wato 1990, a ƙauyen Lungkar na yankin Amdo, ƙasar Tibet. Mahaifinsa shi ne Dorje Thar, mai sassaƙa addu'o'i a kan duwatsu, mahaifiyarsa kuwa Kalsang Kyi, makiyayiya. Gidansu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni, kuma suna da wata al'ada da babu mai irinta a kwarin: suna kaurara ƙafar kowane harafi, domin kada ruwa ya kwanta a ciki ya daskare ya fasa dutsen. Duk ɗan Lungkar, ko bai san baƙi ba, ya san hannun gidan.

Karatunsa

Ya riƙe guduma da ƙarfen sassaƙa kafin ya riƙe alƙalami. A 1997 aka sa shi makarantar ƙauye, a 2008 kuma ya shiga makarantar horon malamai ta birnin lardi, da niyyar ya dawo ya koyar da yara cikin harshen iyayensu.

A kakar 2010 labari ya zo cewa za a mayar da dukkan darussa cikin Sinanci, a bar harshen Tibet a matsayin darasi guda, kamar baƙo a gidan ubansa. Ɗalibai suka fita tattaki cikin lumana, ba jifa, ba zagi, kowa ya rufe fuska da mayafi. Kunthar aka ba rubuta ƙyallen da za a ɗaga, saboda kyan hannunsa, ya rubuta cewa kowace al'umma tana da haƙƙin harshenta. Fuska ya rufe, amma ya kaurara ƙafafun haruffan yadda ya saba.

Kamunsa da ɗaurinsa

Ba a jima ba 'yan sanda suka iso Lungkar da hoton ƙyallen. A cikinsu akwai wani ɗan kwarin, shi ya nufi Dorje Thar kai tsaye.

Tsohon ya dubi hoton ya ce, "Hannuna ne. Ku tafi da ni."

Ɗan sandan ya ce, "Haba Kawu! Kai da shayi ke zuba daga kofinka saboda rawar hannu?"

"Da kana tsirara kana bin awaki, wa ya sassaƙa dutsen kakarka? Na ce hannuna ne!"

Suka tafi da shi. Da labari ya iske Kunthar a inda ya ɓuya, sai ya kai kansa da ƙafarsa, ya nemi takarda ya sake rubuta kalmomin a gabansu, domin kada shakka ta saura. Aka saki uban, shi kuma a farkon 2011 aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu bisa laifin tara jama'a ba da izini ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Sanyi da aikin wahala suka sandarar masa da yatsun hannun dama, ya kuma fito da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Sana'arsa da iyalinsa

Ya dawo gida da sharaɗin ba zai koyar ba, ba zai tara yara ba. Sai ya zauna gaban mahaifinsa kamar sabon ɗan koyo, ya koyi sassaƙa da hagu. A 2015 ya auri Wande Tso, 'yar makiyaya daga hayin kogi. Da danginta suka ce mata za ta auri mai hannu ɗaya, cewa ta yi, "Masu hannu biyun me suka rubuta?" Suka haifi 'ya'ya uku. Dorje Thar ya rasu a 2019, sassaƙa ta rage a hannun Kunthar shi kaɗai.

Bayan haka aka rufe makarantar ƙauye, aka kwashe yara zuwa makarantar kwana mai nisa, har da babbar 'yarsa Lumo Tso. Da ta dawo hutun farko, kakarta na yi mata magana tana amsawa da Sinanci. Kunthar bai daka mata tsawa ba, ya dai ajiye mata dutse da ƙarfe.

Ta ce, "Baba, 'yan ajinmu sun ce wannan rubutun na tsofaffi ne da matattu."

Ya ce, "Madalla. Tsofaffin suna da aiki da yawa, ga ni kuma da hannu ɗaya. Riƙe nan, uwar surutu. An hana ni ɗalibai, ba a hana ni 'ya ba."

Kowane hutu haka suka yi, tana kuka, tana fasa duwatsu, yana miƙo mata wasu.

Rasuwarsa

Tarin ya kwantar da shi a farkon 2025, ya rasu cikin hutun sabuwar shekara yana da shekara talatin da biyar. Malaman ibada suka yi masa karatu, aka kai gawarsa kan tsauni aka miƙa wa ungulaye bisa al'ada.

Saura dutsen addu'a da ake ɗora wa mamaci a kan tulin duwatsun addu'a na ƙauye, ga shi babu masassaƙi. Dangi suka yanke shawarar sayo na inji daga birni. Lumo Tso ta ce ba za a ɗora wa ubanta dutsen inji ba, ta ɗauki ƙarfensa ta zauna. Haruffan sun fito a karkace, ɗaya ma ya guntule, amma kowanne da kaurin ƙafarsa. Kakarta, wadda idonta ya yi rauni, ta shafa dutsen da yatsa ta ce, "Hannun gidan ne. Ku ɗora."

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa, da matarsa, da 'ya'ya uku: Lumo Tso, mai shekara tara, wadda ta koma makarantar kwana tafin hannunta duk ya yi kanta, Chokyab, mai shekara shida, da Dukar Kyi, mai shekara uku. Ƙarfen sassaƙar yana hannun Wande Tso, tana ajiye da shi har hutu ya zagayo, domin Lumo ta ce Chokyab ne na gaba.