Gadon da ke Cikin Jimrau

A kasuwar dabbobi ta Dakoro an ce taubashina Jimrau ya haɗiye gadon ubansa. Wai likitocin Yamai sun zura masa fitila ta maƙogwaro, suka hango zinariya jibge a tumbinsa. Kafin labarin ya kai Sabon Maci, zinariyar ta zama raƙuma uku da ɗan taure. Ni na ƙara ɗan tauren, don labari ba ya tafiya babu gishiri.

To, ƙarya ce. Kawu, uban Jimrau, bai bar komai ba sai tsohon guga.

Jimrau igiya yake tufkawa. Rabin shanun da ke fita garin nan da igiyarsa ake jan su, sauran rabin kuwa su ne masu tsinkewa su gudu. Matarsa Aisata ta rasu, ɗansa ya tafi Agadas, waya ma sai da salla. Shi kaɗai yake zama a rumfa, ƙafa ɗaya miƙe, kaba a babban yatsa, yana hira da akuyar maƙwabta.

Bara abinci ya fara ƙin zama masa. Mutumin da ke tashi da ƙwaryar fura shi kaɗai, ya koma ludayi biyu ya ture. Daga Maradi aka tura shi Yamai, aka tsinko ɗan nama daga tumbinsa. Likita ya yi masa bayani da Hausa: kowace tsoka tana da ƙwayoyin gado, wasu na barci, wasu na magana. In ciwon daji ya shiga, sai waɗansu da ya kamata su yi shiru su kama surutu. Surutun nan za a auna, a haɗa da abin da aka gani a naman, a san inda aka dosa.

Yayarsa Suwaiba, wadda ta raka shi, kunnenta ɗaya ne ke aiki. Abin da ta kawo gida shi ne, "An samu gado a cikinsa."

Ranar nan na ga dangi. Wani ɗan'uwanmu Abarci ya taso tun daga Tagris da tulun nono, yana kiran Jimrau "Yaya", alhali ya girme shi. Rumfa ta cika har akuya ta rasa wuri. Jimrau ya san abin da ya kawo su, bai gyara zancen ba. Ya yi ta tufka yana murmushi, ana ta yi masa fifita.

Sai sakamako ya zo. Ƙwayoyin suna surutu, ciwon ne, za a yi aiki. Kafin la'asar kowa ya tuna gonarsa ba a nome ba. Abarci har da tulunsa ya koma.

Na same shi yana ta tufka igiyar da ba wanda ya sa shi. Ya tambaye ni ko motar Yamai tana ɗaukar mutum ɗaya, babu mai riƙe masa buta. Na ce, "Bawana, ni ma tafiya zan yi. Raƙuma na zo rabo, na tarar da ƙwayoyi masu baki."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗangoggo, likita ya ce mai yawan surutu za a fara yankewa. Shi ya sa da kai za ni. Ɗauko butar."