Yajin da Na Soya Don Lasisin Surukina

Na zo Kuala Lumpur ne don wankan jegon 'yata, da niyyar wata uku. Ban gama kwance kaya ba aka rufe gari saboda korona. Muka maƙale, ni da ita da mijinta, a gida mai ɗaki ɗaya da falo, can saman bene a unguwar Wangsa Maju. Falon aka ba ni. Nan nake kwana, nan nake salla, nan nake kai da kawo daga taga zuwa ƙofa, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu kowa a ciki.

Surukin nawa ɗalibi ne, mai kunya. Bai taɓa zama inda nake ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ya shige ɗaki.

To, ashe a ƙasar nan in ka yi laifin tuƙi maki ake rubuta maka, in ya cika a karɓe lasisi. Nasa saura ƙiris. Ga 'yata ta shiga wata tara, ga asibiti da nisa, shi kaɗai ne zai kai ta. Aka ce akwai karatun dokokin hanya ta intanet, in ya gama a rage masa makin. Sharaɗin dai fuskarsa ta tsaya gaban kwamfuta tun farko har ƙarshe, in ta ɗauke a soke zaman.

Ni ina ganinsa yana shiga yana fita da kwamfuta a hammata, yau ɗaki, gobe cikin mota. Abinci ma ya daina ci. Na kira 'yata.

"Me ke damun maigidanki?"

"Intanet ce, Inna. Akwatinta yana bayan kujerar da kike kwana, a falo kawai take da ƙarfi. Sau biyu tana yanke masa. Gobe ne zaman ƙarshe."

"To ya zo ya zauna mana."

"Ya miƙe ƙafa gabanki awa huɗu? Ya ce da ya tashi uwar matarsa daga wurinta gara a tafi asibitin da ƙafa."

"Da ƙafar wa? Shi ne mai cikin?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na yini ina juya abin. In na kira shi ba zai zauna ba. In na fita don shi, zai gane, ya bi ni da ban haƙuri har lokaci ya wuce.

Da safe na ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki, na ce yau zan soya yajin jego, barkono ne mai shaƙewa, in na rufe ƙofar kicin kada wanda ya buɗe sai azahar.

Kicin ɗin bai fi tabarma ba. Yajin ya soyu tun hantsi, sauran lokacin tsayuwa ce. Na zauna, na tashi, na toshe bakina da mayafi kada maƙwabta su ji tari su ce cutar ce. Ta ƙasan ƙofa ina jin muryar malamar da ke koyarwa ta kwamfutar, ina jin yana amsawa. Duk ta yi shiru sai in ce shi ke nan, intanet ta yanke.

Da azahar na ji an durƙusa a bayan ƙofa.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yawwa. An yi karatu lafiya?"

Ya ce, "An rage, Hajiya."

Na ce ya buɗe tagogi kafin in fito, yaji bai gama sauka ba.