Ranar da Na Kira Sunan Yaron Nan a Thailand

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da ajiye tuƙin tasi ba, yaron nan ya shigo gidanmu a unguwar University Heights da ke Bronx, a birnin New York, ya ce ya samu mata. Idan na ce yaron nan, ɗana na fari nake nufi. Ku 'yan zamani ba za ku gane ba, amma mu yadda aka tashe mu a Kano, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya zama kusa da shi. Tun yana rarrafe "Kai!" nake ce masa, kuma yana amsawa, to ina matsalar?

Yarinyar nas ce a asibitin da yake aiki a nan Bronx, Musulma, 'yar Thailand. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, a lokacin na ɗauka Thailand sunan shinkafa ne kawai, don a jikin buhu na saba ganinsa. Mahaifinta ya ce ba zai ba da 'yarsa ta waya ba, sai uban yaro ya zo sun ga juna. Matata Hajiya, uwarsa, ta ce gwiwarta ba za ta iya zaman jirgi ba. Haka na naɗe manyan riguna na bi su.

Garin nasu can kudu yake, ƙarami ne, titi ɗaya ya ratsa shi, sai gonakin roba hagu da dama, da ɗan masallaci mai koren rufi. Zafi kuwa irin mai jiƙa mutum yana zaune. Na ga biri da igiya a wuya yana hawa bishiyar kwakwa yana tsinko wa mai gidansa, na ce lallai ƙasar nan ta ci gaba, har biri yana da aikin yi. Mutanen kirki ne na ƙarshe. Duk gidan da muka wuce sai an miƙo mana wani abu a ganye. Barkononsu ne dai ba shi da imani, na ci kifi ina hawaye, suna ta murna wai daɗi ne ya kama ni.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi, dangi suka taru. Aka nuna mini wuri kusa da yaron nan, na ɗauke jiki na koma can ƙarshen tabarma. Mahaifin yarinyar, wani siririn tsoho mai zanen ɗaure da farar hula, ya yi magana, ita kuma ta mayar mini da Turanci.

"Baba, yana tambaya, wane irin mutum ne ɗanka?"

Na gyara zama, na ba da amsar da duk dattijon arziki zai bayar. Na ce, "Yana nan dai. Yana cin abinci sosai. Barci kuma ba a magana."

Ta dube ni, ta dubi yaron nan. Ta fassara a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsohon ya sake tambaya, ko akwai wani abin alheri da zan faɗa a kansa. Na dubi rufin ɗaki na ce, "To, ba a taɓa kama shi ba dai."

Ni a raina na gama burge su da kawaici. Sai tsohon ya yi doguwar magana, murya ƙasa ƙasa, yarinyar tana fassarawa idonta ya ciko. Ya ce 'yarsa tana can nesa, ba ta da kowa. Mutumin da mahaifinsa ya ƙi zama kusa da shi, ya ƙi ko ambaton sunansa, ya rasa kalma ɗaya mai kyau a kansa, shi ta yaya zai damƙa masa 'ya? Ya ce zai yi tunani.

Da muka koma masauki yaron nan ya tsaya a bakin ƙofa da karyayyar Hausarsa ta Bronx.

"Baba, please. Ka ce abu ɗaya mai kyau. Ɗaya kawai."

"Kai, ni zan zauna gaban surukai ina wasa ka kamar maroƙi?"

"Na yi musu bayani al'ada ce. Sun ce wace al'ada ce uba zai ƙi ɗansa?"

Na kira Hajiya ina neman mai goya mini baya. Ta ce, "Malam, ka buɗe baki ka yi magana, kada ka kashe wa yaron nan aure."

Na ce, "To ga waya, ki faɗa musu da kanki."

Ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Me ka ɗauka ya sa gwiwata ta tashi?"

Wallahi na gwada. Na tsaya gaban madubi na ce, "Yaron kir..." sai sauran ya maƙale a maƙogwaro kamar ƙayar kifin jiya.

Ana haka tsohon ya aiko a ce mu shirya, zai kai baƙi su ga magangarar ruwan da garin ke alfahari da ita. Muka hau bayan a-kori-kura mai benci, muka bi ta cikin gonakin roba, sannan muka taka da ƙafa cikin kurmi, ni da babbar riga da takalmin zuwa Juma'a. Tun daga nesa ake jin rugugi. Da muka ɓullo kuwa sai na tsaya baki buɗe. Ruwa ne fari tas yana zubowa daga saman dutse hawa hawa, yana faɗawa wani koren tafki, feshinsa yana sanyaya fuska. Na ce Subhanallahi, mu muna can muna rigima da mai gida kan famfon banɗaki.

Muka zauna kan dutse ni da tsohon, ba mai jin yaren wani. Ƙannen yarinyar suka ja yaron nan suka hau wani tsauni, suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya bi su, tsulum. Na kawar da kai kamar ban gani ba, amma ina kallo ta wutsiyar ido.

Ƙannen suka ɓullo. Shi bai ɓullo ba.

Na jira. Ruwa ya koma yadda yake. Jama'a, ban san lokacin da na tashi ba. Ni da ko a kududdufin unguwarmu ban taɓa iyo ba, sai ga ni cikin tafki, babbar riga ta kumbura ta kewaye ni kamar laima, hula ta kama hanyarta. Ina dukan ruwa ina kwaɗa sunansa, sunan yanka, cikakke. Ina ihu da Hausa, "Ku fito min da ɗana! Yaron da bai taɓa ɗaga min murya ba! Shi ya sauke ni daga tasi, shi ya kai uwarsa Makka! Ba ni da kamarsa!"

Sai na ji an riƙo wuyan rigata ta baya. Tsohon ne, ya shigo har da zanensa. Ashe inda nake ta dambe, ruwan iya ƙugu ne. Ya nuna mini magangarar da yatsa. Akwai wani ɗan kogo a bayan ruwan da samarin garin ke nutso su shiga, su ne suka nuna wa yaron nan. Ga shi nan ya leƙo kai, yana share fuska.

Ya yi iyo ya zo ya tsaya gabana. Ya ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Na ce, "Kai, tafi can. Wani nake kira."

Tsohon bai ji kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba, bai kuma nemi a fassara masa ba. Dariya yake har yana riƙe ciki, sannan ya kama hannuna da hannayensa biyu ya girgiza, muna tsaye cikin ruwa kamar shanu. Kafin mu bar garin aka ɗaura aure a ɗan masallacin nan. Har yau ina zargin tsohon da gangan ya shirya mini wannan wanka, don na ga lokacin da ya yi wa 'ya'yansa wata magana kafin su hau tsaunin. Duk sanda muka gaisa ta bidiyo sai ya kwaikwayi yadda nake dukan ruwa.

Abin da na ɗauko daga can shi ne, kawaicinmu abu ne mai kyau, amma sai a gaban wanda ya san shi. Wanda bai sani ba, ƙiyayya yake gani. Kuma na fara tunanin yaron da ya tashi a Bronx, tsakanin iyayen da ke rungumar 'ya'yansu a bakin makaranta, wataƙila shi ma ba kullum yake ganewa ba.

Ban canja ba, kada ku sa rai. "Kai" nake ce masa har gobe, kuma ba zan rubuta sunan a nan ba. Sai dai idan sun zo gaishe mu ranar Lahadi yana falo, nakan shiga kicin in tsaya ina ba Hajiya labarin kirkin wani yaro da na sani, da ɗan ƙarfi. Na lura duk lokacin sai ya rage ƙarar talabijin.