Mai Kofi da Gidan Zanzaro

Kullum da hantsi zai iso gareji a kan tsohon kekensa, ya jingine shi a jikin bango, ya share bakin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, sannan ya wanke wani kofin gilas ya cika shi da ruwa. Ba sha yake yi ba. Kofin nan kayan aiki ne kamar sifana, shi ya sa duk unguwa ba mai kiransa da komai sai Mai Kofi. Shekara arba'in da biyu ke nan yana wannan, yanzu kuma gwiwa ta ce ta gaji da shiga rami, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Amma ina son kallon abin da ba a saba gani ba, kuma bencin garejinsa ya fi ko'ina irin wannan. A kan bencin nan na ga ya kara kunne a jikin wata mota ya ce akwai tsakuwa a cikin taya, aka cire aka same ta. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi yana nan da ransa, a tambaye shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne maganar surukina, mijin 'yata ta fari. Direba ne a wata ƙungiya mai kai magani ƙauyuka, yana tuƙa babbar motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Sai motar ta tsiro da wani hali. Da ya fara ɗaga ƙafa daga kan kuloci za ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, kwalayen magani su yi ta tsalle a baya, sai ta ɗan yi gudu ta natsu. Sau biyu aka canza farantin kuloci a wani gareji, sau biyu karkarwar ta dawo kafin wata ya cika. Bakaniken can ya ce wa manajan ƙungiyar direban ne ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana ƙona shi. Manaja ya ce ranar Litinin ya kawo makulli, an sallame shi.

Ya zo gidana ya zauna a bakin tabarma, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba, wallahi ba na ɗora ƙafa. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi. In aka kore ni da wannan shaidar, wa zai sake ba ni mota?"

'Yata tana daga ƙofa da goyo. Na saka hulata na tafi ofishin da kaina, na roƙi manaja ya bari a kai motar wurin mutum ɗaya tak. Ya duba furfurata ya yarda, amma ya ce da shi za a je.

Da muka isa, Mai Kofi ya dube ni ya ce, "Tsoho, yau ka kawo mini aiki ke nan? Na ɗauka cinye mini benci kawai ka iya."

"Bencin naka da ƙusa take yaga wa mutum wando?" na ce.

Bai buɗe gaban motar ba. Ya ɗora kofinsa a kan bonet, ya ce a tayar. Ruwan ya kwanta luf, ɗan rawa kaɗan kawai.

"Injin lafiyarsa lau," ya ce. "Ɗana, sa giya ɗaya ka ja a hankali."

Surukina ya ɗaga ƙafa, ruwan ya yi tsalle har ya fantsama. Aka yi da baya, haka. Aka sa giyar ƙafa huɗu a kan yashin bayan gareji, nan ma haka, ba ƙari ba ragi. Ya ce to ba daga ƙafafun gaba ba ne. Ya sa aka ja birkin hannu aka buɗe bonet, ya tsaya yana kallon ko injin zai yi tsalle a kan robobin da yake zaune a kai. Bai yi ba.

Manaja ya duba agogo. "Baba, an riga an faɗa mana, ƙafarsa ce."

"To, ranka ya daɗe, bari mu gwada wata ƙafar."

Ya sake cika kofin, ya hau da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ja motar da kansa. Ruwan ya fantsama kamar ɗazu. Ya leƙo ta taga.

"Tawa ma ta lalace ke nan. Ko za ka gwada taka?"

Manaja ya yi dariyar da bai shirya ba.

Daga nan Mai Kofi ya shiga rami da tocila. Ya zura yatsa a wata 'yar kafa a ƙasan inda kuloci yake, ya fito da shi sharkaf da mai, ya shinshina, ya miƙa wa manaja.

"Ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai? Wannan man giya ne, baƙin man injin ba haka yake wari ba. Yana tsiyayowa yana jiƙa farantin. Faranti mai maiƙo sai ya kama ya saki, ya kama ya saki, shi ne karkarwar. Ko sabo goma aka saka, haka za su yi."

Da aka sauke akwatin giya, farantin bai ƙone ba ko kaɗan, a jiƙe yake. Zoben robar da ke tare man ya turo waje. Da wani ne, a nan zai tsaya, ya canza zobe ya ɗaure. Shi kuwa ya zauna a kan taya yana tambayar kansa me ya turo zoben. Ya bi saman akwatin da hannu har ya kai ga wani ɗan bututu da akwatin ke fitar da iska ta cikinsa idan ya yi zafi. Ya zura waya, sai ga dunƙulen busasshiyar laka ya faɗo a tafin hannunsa, da 'yar ƙofa a jiki.

"Ga direban da ya ɓata muku mota," ya ce. "Zanzaro ne ya yi gini. Iska ta rasa hanya, ta ture zobe."

Surukina ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Manaja ya daɗe yana kallon lakar, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Riƙe makullinka. Ka yafe mini."

Gidan zanzaron yana wurina a cikin kwalin ashana. Wani lokaci nakan buɗe in yi ta kallonsa, ina tunanin yadda ƙwaro ya yi wa 'ya'yansa ɗaki, saura kaɗan ya hana jikokina abinci, alhali bai ma san da su ba.

Mai Kofi, kai ne wanda ba ya ɗora wa mutum laifi sai ya gama tambayar ƙarfe. Kai ne ka shiga rami da gwiwa mai ciwo saboda mutuncin wanda ba ɗanka ba. Na gode, 'yata ta gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa gwiwar nan ta yi sauƙi.

Ku kuma masu riƙe da sifana yau, idan mota ta dawo muku da ciwon da kuka yi wa magani jiya, kada ku yi saurin nuna direba. Ku cika kofi da ruwa, ku hau ku gwada da ƙafarku tukuna.