Burukutun Kawu Iliya a Pantai Dalam

Duk wanda ya san Kawu Iliya a garin nan ya san bai taɓa sayen abin da zai shiga bakinsa ba sai ya ɗanɗana. Zai tsaya gaban mai kaya, ya goya hannu ɗaya a baya, ya miƙa ɗayan, ya ce a ba shi ɗanɗano. Mai sayar da duriyan, ɗan itacen nan mai wari, na bakin tashar Pantai Dalam ya sha fama da shi. Yaran shagon abincin mamak na ƙasan benenmu kuwa, da sun hango shi suke ɗauko cokali. Ni da idona na ga ya nemi ɗanɗanon maganin tari a kantin magani. Yarinyar ta ɗauka wasa yake, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ba rowa ba ce kawai, ko da yake, Allah ya gafarta masa, ita ma akwai ta. Gado ne. Mahaifiyarsa, kakata ke nan, burukutu take dafawa a ƙauyenmu can bayan Kagoro, kuma a gidan burukutu ba a sayar wa mutum sai an fara ɗiba masa a ɗan ƙoƙo ya kurɓa ya ji. In giyar ta yi masa ya zauna, in ba ta yi ba ya ƙara gaba, ba mai jin haushi. Da wannan al'ada Kawu ya sauka Kuala Lumpur, inda ya shekara da shekaru yana aika wa ɗalibai kayansu gida ta jirgin ruwa. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Ishaya ɗan ƙanwarsa. A ɗakinsa na sauka da na zo karatu.

To kun san majalisarsa ta ranar Asabar. Wata 'yar mashaya ce a Bukit Bintang, ta wani Basine da muke kira Mista Tan, inda ake sayar da giyar 'yan gayu da suke ce wa kiraf, wadda ƙananan masu dafawa ke yi kaɗan-kaɗan. Famfuna ne jere a bango, kowane da kalar giyarsa. Kawu ba ya shan ta kwalba, ya ce ruwan ɗauraya ne. Waccan mai duhu-duhu da ɗan tsami ita yake so, wai tana tuna masa da ta tsohuwarsa. Mu huɗu ne a teburin: shi, da ni, da Dakta Luka mutumin Jos, da Cinedu, Inyamurin da ya tashi a Sabon Garin Kano, wanda ya fi mu duka iya zagi da Hausa.

Gaskiyar magana, ba giyar ce ke kai Kawu can ba. Tun da Inna Ladi matarsa ta rasu, 'ya'yan kuma suna Kaduna kowa da gidansa, ba shi da wasu dangi a duniyar nan da zai zauna ya yi musu ƙaryar farauta sai mu. Tun daga Laraba yake fara buga waya yana tambayar wa zai zo. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya shan giya shi kaɗai. Ya ce ranar da aka gan shi da kofi ba kowa a gefensa, a kai shi asibiti.

Sai tsada ta shigo. Yau a ce haraji, gobe a ce kayan haɗin daga Turai ake kawo su, jibi a ce kuɗin haya. Farashi na hawa, kofin kuma na ramewa, har Cinedu ya ce nan gaba da sirinji za a riƙa ba mu. Naira kuma ta faɗi warwas, kuɗin karatun Dakta Luka in ya iso nan ko kunya ba ya ji. Kowa ya fito da dabararsa. Dakta Luka ya wayi gari ya ce likita ya hana shi, alhali ranar Lahadi na gan shi da ledar gwangwanayen arha yana laɓe-laɓe. Cinedu sai ya cika cikinsa a gida tukuna, ya zo ya sayi kofi ɗaya yana ta juya shi. Ni kuwa na koma shan ruwan ƙanƙara ina cewa ina da jarrabawa.

Kawu dai ya ce shi ba za a kore shi daga teburinsa ba. Sai ya koma wa sana'ar gado. Ya tashi ya fara daga famfon farko, a zuba masa ɗanɗano, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar mai jin mummunan labari, ya ce a gwada na gaba. Kafin ya kai ƙarshen layi idonsa ya yi ja, sannan ya dawo ya ce a ba shi ƙaramin kofi na farkon, ai ita ta fi. Mista Tan ya yi haƙuri har ya gaji, ya kafa doka cewa ɗanɗano biyu ne kacal ga kowa. Asabar ta gaba Kawu ya zo da babbar riga, abin da bai saba ba. Da aka miƙo ɗan kofin ɗanɗanon nan mai kamar murfin turare, sai ya tura hannu cikin rigar ya zaro ƙoƙo, ƙoƙo na gaske wanda za a dama wa ƙato fura a ciki, ya tara a bakin famfo.

Ya ce, "Biyu ka ce, na yarda. Amma a garinmu a nan ake ɗanɗanawa."

Mista Tan ya yi dariya har ya dafa bango. Ya zuba masa rabi ya ce, "Boleh, na yarda, Ankul, amma yau kaɗai." Ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Dabara dai ba ta hana abin da zai faru ba. Wata Asabar Dakta Luka ya ce yana da aiki, Cinedu ya kashe waya, ni ma, kaicona, na laɓe a laburare. Da na dawo da yamma na tarar da Kawu zaune a falo da takalminsa a ƙafa, ko fanka bai kunna ba. Ashe ya je, ya sayi kofi, ya zauna yana kallon ƙofa har kumfar ta kwanta, ya biya ya taso bai sha ko kurɓi ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Washegari ya tashe ni ya ce in tsada ce ta kori mutanensa, to zai dafa tasa, kyauta, a ga wanda zai ce yana da aiki. Na ce Kawu, ƙasar mutane ce fa, dokarsu ba ta san wannan ba. Ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, baƙi zai yi, in rufe masa baki.

Matsalar ita ce jar dawar da ake burukutu da ita, ba a samunta a nan. Maƙwabcinmu Malam Sani, ga shi can zaune yana hararata, a lokacin zai je Kano hutu. Mutum ne mai riƙo da addini, kuma yana jin nauyin Kawu saboda ya sha aika masa kaya a sauƙaƙe. Kawu ya roƙe shi ya taho masa da jar dawa, ya ce marmari yake. Bawan Allah ya ɗauka tuwo ne. Har kilishin da surukarsa ta ba shi ya ajiye a filin jirgi don nauyi ya yi yawa, ya taho da dawar.

Aka jiƙa ta, aka shimfiɗa a buhu a baranda don ta tsira. Ta tsira kuwa, hankakin unguwar nan kaf suka samu labari. Kawu ya ɗauki hutun aiki ya zauna gadi da sandar mofa. Sai shanya. A gida rana ɗaya mai kyau ta isa, a nan kuwa kullum la'asar sai sama ta ɓalle. Tsiro ya fara furfura. Kawu ya ɗura shi a rigar filo, ya ɗaure bakin, ya ce in biyo shi. Ina muka nufa? Shagon wanki na ƙasa, mai injin busar da kaya. Na ce Kawu kar ka yi. Ya ce zafi zafi ne, ko na rana ko na lantarki. Injin bai yi nisa ba rigar filo ta fashe, ka ji ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Muka kwashe abin da ya kwasu muka gudu. Wata tsohuwa Bamaleshiya da ta sa kayanta bayanmu, an ce har sati tana kaɗe dawa daga zanen gadonta.

Ranar dahuwa bayan bilenda ta ƙone wurin niƙa, wari ya cika benen. Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Sani ne, hancinsa a sama. Ya ce shi fa ya taɓa bi ta wani lungu a Sabon Gari, ya san wannan warin.

Ya ce, "Baba Iliya, don Allah abin da na bar kilishina saboda shi ke nan?"

Kawu ya ce, "Malam Sani, kai dawa ka kawo. Lokacin da take hannunka mutuniyar kirki ce. A hannuna ta lalace."

Malam Sani ya juya yana istigfari, ya daina amsa gaisuwarmu. Abin ya dami Kawu ƙwarai, don shi ba ya iya gaba, ko da kyanwa ce. Sai ya ɗebi ragowar tsiron ya je ya tsaya a ƙofarsu, ya ce a ara masa tukunyarsu da murhunsu, kuma maigidan ya tsaya a kansa yana kallo. A gabansa ya dama kunun zaƙi da citta da kanumfari, irin na tsohuwarsa. Malam Sani ya sa shi ya rantse sau ba adadi cewa ba abin da zai tashi a ciki, sannan ya kurɓa. Ya ce a ƙaro. Shi ke nan aka shirya.

Asabar ɗin buɗe burukutu kowa ya zo, har Dakta Luka da likita ya hana. Amma Kawu ya yi kuskure guda. A gida a buɗaɗɗiyar tukunya ake barin giyar ta yi ta numfashi, shi kuwa don tsoron warin ya ɗura ta a gorunan roba ya murɗe murfi tam, a zafin garin nan. Muna zama, yana tsakiyar jawabi kan yadda Turawa suka saci ilimin giya daga kakarsa, sai muka ji tau! Gora ta farko ta tashi. Ta biyu ta bi ta. Cinedu ya kwanta flat a ƙasa yana kiran sunan uwarsa. Ku ɗaga kai ku duba silin, wannan jan tabon ba fenti ba ne.

Abin da ya tsira aka zuba a kofuna. Jama'a, tsami! Dakta Luka ya kurɓa, hawaye suka zubo masa, ya ce yanzu kam da gaske zai ga likita. Cinedu ya ce a ajiye masa kwalba ɗaya zai wanke injin mota. Kawu ya shanye nasa tas, ya lashe baki ya ce mu ƙauyawa ne, da Mista Tan zai sa wannan a famfo ya raɗa mata sunan Turanci, da layi za mu bi mu saya.

Amma fa ya ci nasara. Daga ranar majalisa ta dawo falon nan. Burukutun bai taɓa yin daɗi ba, ko sau ɗaya, sai dai kowa ya riƙo gwangwaninsa na arha ya zo ba tare da kunya ba. Kunun zaƙi kuwa ya yi suna. Malam Sani ya fara leƙowa, daga baya ya jawo abokansa, suka kafa tasu tabarmar a bakin ƙofa da sharaɗin kofunansu daban, soson wankinsu daban. Kawu ya zauna a tsakiya yana yi wa ɓangarorin biyu ƙarya. Har Mista Tan ya taɓa zuwa ganin abin da ya ɗauke masa kwastoma, ya sha kunu, ya yi tapau, wato ya sa aka ƙulla masa wani a leda, ya kai wa matarsa.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, ba ya tambayar likita komai sai yaushe za a sallame shi, don Asabar na matsowa. Ranar Alhamis da rana ina ba shi ruwa ya riƙe hannuna. Ya ce shi bai tara komai a ƙasar nan ba, na sani. Ya ce abin da ya fi faranta masa rai a duniya shi ne ya fito daga lif ranar Asabar ya ga takalma zube a ƙofarsa har ba wurin taka ƙafa.

Ya ce, "Ishaya, kar ka bar ƙofar nan ba takalma."

Bai kai Asabar ɗin ba. Malam Sani ne ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka kai shi gida, aka kwantar da shi kusa da Inna Ladi.

Yau Asabar ce, amma ni ban kira kowa ba, wallahi ban iya ba. Ina zaune ne kawai na ji ana ta ƙwanƙwasawa. Ɗazu da na leƙa waje, matar da ke ɗakin ƙarshe ta tare ni tana faɗa, wai takalmanmu sun tare hanya, ta rasa inda za ta bi da keken jaririnta. Na ba ta haƙuri, na shiga banɗaki na yi kukana.

Ubangiji, ga bawanka Iliya nan ya zo. Ka yafe masa kurakuransa, ka ba shi hutawa, ka ba 'ya'yansa haƙuri. Kuma don jinƙanka ka zaunar da shi cikin mutane, ba ya son zama shi kaɗai. Amin.